Karatun Raya Ƙasa ta Intanet, da Abin da Dapaong Ke Bukata Daga Gare Shi

Duk wanda ya lura da samarin Dapaong a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda suka gama jami'a a Kara ko a Lome suka komo gida suna dakon aiki, zai ga wani sabon nau'in neman ilmi ya shigo a tsakaninsu, wanda iyayenmu ba su san shi ba, wato mutum ya zauna a zaure ko a gindin darbejiya, waya a hannu, abin sauraro a kunne, yana ɗaukar darasi daga malamin da ke Janeba ko Faris ko Iskandariyya, a kan yadda ƙasashe ke taimakon juna, da yadda ake raya ƙasa rayawar da ba za ta rushe ba bayan masu kuɗin sun naɗe tabarmarsu sun tafi. Ƙofofin wannan karatu suna da yawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da makarantarta ta intanet wadda ake shiga kyauta. Cibiyar horarwa ta UNITAR tana ba da darussa kan sauyin yanayi da muradun ci gaba. Faransa ta buɗe dandalin FUN a 2013 domin darussan jami'o'inta. Ƙungiyar jami'o'in ƙasashe masu magana da Faransanci, AUF, wadda ke da cibiya a Jami'ar Lome, ta daɗe tana haɗa ɗaliban Afirka da digirin da ake yi daga nesa. Ga kuma Jami'ar Senghor da aka buɗe a Iskandariyya a 1990 musamman domin horar da ma'aikatan raya Afirka. Waɗansu darussan na sa'o'i kaɗan ne, waɗansu na shekara guda ko biyu, da kuɗin makaranta da jarrabawa da duk sharuɗɗanta.

Ni dai ina cikin masu murna da wannan al'amari, kuma ba na tare da dattawan da ke ganin karatun da ba a durƙusa gaban malami ba ba karatu ba ne. Ai neman ilmi daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Takururu, cikinsu har da na Katsina da na Agadas, kuma a 1493 wani malami daga wannan nahiya ya aika masa da jerin mas'aloli kan al'adun mutanensa, ya amsa masa a rubuce, amsar ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi. A zamanin Turawa kuma malaman makaranta da akawuna da yawa a Nijeriya sun ci jarrabawar Landan ne ta hanyar darussan da ake aiko musu ta gidan waya daga Ingila. Mafi kusa da mu, cibiyar INADES da limaman Katolika suka kafa a Abijan a 1962 ta yi shekaru tana aika wa manoman ƙasashen nan, har da na Togo, ƙananan littattafan koyon noma, manomi ya karanta shi kaɗai ko tare da 'yan ƙungiyarsa, ya amsa tambayoyin da ke ƙarshe, ya mayar, a gyara masa a dawo da shi. Abin da ya sauya yau shi ne sauri da araha, ba asalin abin ba. Saboda haka mas'alar da ta kamata mu yi bahasi a kanta ita ce: mene ne ake koyarwa, wa ke koyo, kuma da wace niyya.

Wannan tambaya ta fi nauyi a Dapaong fiye da Lome, domin a nan ne ake aiwatar da abin da darussan ke siffantawa. Lardin Savanes, inda Dapaong take, mai mutane fiye da miliyan ɗaya bisa ƙidayar 2022, shi ne mafi talauci a Togo. Binciken rayuwar iyalai na 2018 zuwa 2019 ya nuna kusan mutum biyu cikin uku a lardin suna ƙasa da mizanin talauci, alhali a ƙasar baki ɗaya adadin bai kai rabi ba. Damina ɗaya ce tak, ƙasar noma ta gaji, ruwa na zaizaye gangaren tsaunuka, kuma a wasu shekaru, kamar 2007, ambaliya kan cinye abin da fari ya bari. A kan wannan sai fitinar iyaka ta sauka: harin Sanloaga a Nuwamba 2021, sannan na Kpékpakandi a Mayu 2022 inda sojoji 8 suka rasa rayukansu, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a lardin a watan Yuni na 2022, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyukan Kpendjal da daga Burkina Faso zuwa cikin gari. Da zuwan musiba sai ayyukan agaji suka biyo baya. Gwamnati ta fito da shirin gaggawa na PURS, Bankin Duniya ya amince a 2022 da shirin COSO na dala miliyan 450 domin arewacin Togo da Benin da Ghana da Kwaddibuwa, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙara yawan ma'aikatansu, fararen motoci masu tambari suka yawaita a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta wuce Cinkassé. Haɗin gwiwar ƙasashe, a Dapaong, abu ne da ake gani da ido: fanfon burtsatse ne mai allo a gefensa, ajin makaranta ne mai sunan wata ƙasa a bangonsa, buhun taki ne da aka rubuta sunan manomi kafin a ba shi.

To, a nan ne babbar fa'idar wannan karatu take, kuma ita ce dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan, waɗanda muke kira furoje, yana da takardar da ta haife shi, kuma takardar tana da nahawunta da ƙa'idojinta waɗanda wanda bai koya ba ba zai gane su ba ko da ya iya Faransanci kamar mutumin Faris. Bari in siffanta guda, domin mai karatu ya ga abin a fili. Akwai wani jadawali da kusan kowane kwas ke farawa da shi, wanda aka ƙirƙira wa hukumar agajin Amurka a 1969, daga baya Jamusawa da Tarayyar Turai suka ɗauka. Gidaje huɗu ne daga sama zuwa ƙasa, huɗu daga hagu zuwa dama. A gidan sama ana rubuta babbar manufa, misali rage mutuwar yara daga cutar gudawa. Ƙarƙashinsa abin da aikin zai sauya, wato mutanen ƙauyuka kaza su riƙa shan ruwa mai tsabta. Ƙarƙashin wannan abin da za a samar, fanfuna kaza da kwamitoci kaza. Can ƙasa kuma ayyukan yau da gobe, haƙa da horarwa da sayen kaya. A gefen kowane gida ana rubuta alamar da za a auna nasara da ita, da inda za a samo hujjar, sannan a gida na ƙarshe, wanda mafi yawan mutane ba sa dubawa, ana rubuta abubuwan da aka ƙaddara za su tabbata kafin aikin ya yi albarka: cewa mutanen gari za su riƙa tara kuɗin gyara, cewa za a sami kayan gyara a kusa, cewa hanya za ta kasance lafiya. Wanda ya iya karanta wannan gida na ƙarshe ya san tun ranar farko ko fanfon zai kai shekara biyar yana ba da ruwa ko kuwa zai tsaya da zarar robar cikinsa ta cinye, domin zai tambaya: makanikin fanfo yana ina, a Dapaong ne ko a Kara? Nawa ne kuɗin kayan, kuma a hannun wa asusun zai zauna? Wanda bai iya ba kuwa sai dai ya yi tafi ranar buɗewa, ya yi gunaguni ranar lalacewa.

Malamanmu na fiƙihu sun hukunta cewa bai halatta mutum ya shiga wata mu'amala ba sai ya san hukuncinta, shi ya sa ba a ɗaukar ɗalibi ya ƙoshi sai ya wuce babin ibada ya shiga babin ciniki da haya da jingina da wakilci. Agajin ƙasashe mu'amala ce, yana da ɓangarori biyu, da sharuɗɗa, da wa'adi, da hisabi, wani lokaci ma bashi ne da jikokinmu za su biya, ko da yake a bakin mutane sunansa taimako. Tun da kuwa ya zama ruwan da muke sha da makarantar 'ya'yanmu da asibitin matanmu suna rataye da waɗannan yarjejeniyoyi, to, sanin su ya zama farilla ta kifaya a kan al'umma: in waɗansu suka koya sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi sakaci. Kuma tarihin Togo kansa ya isa ya koya mana cewa abin ba sadaka ce tsantsa ba. A Lome aka sa hannu a kan yarjejeniyar 1975 tsakanin ƙasashen Turai da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Fasifik, har sunan birnin ya zama sunan yarjejeniyar. Amma wannan bai hana Turai ta dakatar da hulɗarta da Togo a 1993 saboda siyasa ba, kuma ba ta dawo gaba ɗaya ba sai a 2007. Cikin waɗannan shekaru talakan Savanes, wanda ba shi da hannu a rigimar Lome, ya sha wuyar da ba shi ya jawo ta ba.

Darasi mai kyau zai sanar da ɗalibi alkawuran da masu ba da tallafi suka ɗauka da bakinsu, domin ya riƙe su da su. A Faris a 2005 sun yarda cewa ƙasar da ake taimaka wa ita ce mai tsara abin da take so, su kuwa su bi tsarinta, su daina kowa ya zo da nasa fom da nasa ƙa'ida, kuma hisabi ya zama ta fuska biyu. A Istanbul a 2016 sun yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin gaggawa zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kai tsaye gwargwadon iko, alkawarin da wa'adinsa ya wuce ba a cika shi ba. Muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da aka amince da su a Satumba 2015 sun ɗora nauyi a kan mawadatan ƙasashe kamar yadda suka ɗora a kan matalauta, kuma Togo na cikin ƙasashen farko da suka gabatar da rahoton inda suka kwana a 2016. Shugaban wata ƙaramar ƙungiya a Dapaong, idan ya san waɗannan, zamansa a gaban wakilin babbar hukuma zai bambanta da zaman wanda bai sani ba; zai iya cewa cikin ladabi, kun ba mu aikin rabon kaya amma ba ku ba mu kuɗin tafiyar da ofis ba, alhali kun yi alkawarin ƙarfafa mu, kuma wakilin zai san ba da jahili yake magana ba.

Amma fa ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Yawancin samarin da ke bin darussan nan ba wannan niyya ce ta kai su ba. Takardar shaida suke nema, wadda za su lissafa a takardar neman aiki, kuma ba na zarginsu, domin wanda ya yi shekaru yana zaune gida da digiri a akwati yana da uzuri in ya kama duk igiyar da aka miƙo masa. Illar ita ce tsarin darussan da yawa ya dace da wannan niyya fiye da kima. Mutum ya kalli bidiyo na minti goma, a ba shi tambayoyi masu amsa huɗu ya zaɓi ɗaya, in ya faɗi ya sake, in ya ci na'ura ta fitar masa da takarda mai tambari, ba tare da wani mahaluƙi ya taɓa jin muryarsa ko ya ga rubutun hannunsa ba. A zaurukanmu, idan malami ya ba ɗalibi ijaza, yana shaida ne cewa wannan mutum ya karanta littafi kaza a gabana, na ji ƙira'arsa, na gwada fahimtarsa, na san halinsa, kuma sunan malamin da na malamansa suna cikin takardar, in ɗalibin ya yi ɓarna kunyar ta hau kansu. Takardar na'ura ba ta da wanda zai ji kunya. Shi ya sa ake samun saurayi mai takardu masu yawa a kan sauyin yanayi da daidaiton jinsi da sa ido kan ayyuka, wanda in aka kai shi gaban kwamitin raya ƙauye aka ce ya taya su rubuta buƙatar gyaran madatsar ruwansu, sai ya cika shafi da manyan kalmomi, ba adadin buhunan siminti, ba sunan wanda zai kula da ita bayan an gama.

Ga kuma wani abu da ya kamata iyaye da ɗalibai su ji, ko da ba daɗi. Kasuwar aikin da ake wannan tanadi dominta tana tsukewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, wadda ta kasance daga cikin manyan masu ba da agaji a duniya. Ingila ta sanar a shekarar cewa za ta rage agajinta zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, alhali mizanin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tun 1970 shi ne 0.7, Faransa da Jamus su ma sun rage nasu. Wanda ya yi karatun nan domin ya shiga farar mota kawai, akwai yiwuwar ya tarar motocin sun ragu kafin ya iso. Wanda ya yi shi domin ya san yadda ake tsara aiki, a ƙiyasta kuɗinsa, a bi diddiginsa, a ba da lissafinsa, ilminsa ba ya jiran baƙo, domin raguwar kuɗin waje ita ce ma ke ƙara wajabta a iya tattalin ɗan abin da ke hannu.

Matsalar wuta da tsadar data da raunin sadarwa a ƙauyuka gaskiya ce, kowa ya san ta, ba sai na tsawaita ba. Kebul ɗin intanet na Equiano ya sauka a gaɓar Lome tun Maris 2022, amma tsakanin gaɓar teku da Dapaong akwai fiye da kilomita 600, tsakanin Dapaong da ƙauyukan Mandouri kuma akwai wata tazarar da ba da kilomita ake auna ta ba. Abin da zan ce kawai shi ne Togo ta riga ta nuna cewa ana iya isa ga talaka da ƙaramar waya: shirin Novissi na 2020 ya biya dubban ɗaruruwan mutane tallafi ta hanyar danna lambobi a wayar da ba ta da intanet ko kaɗan. Masu shirya darussa, in da gaske mutanen irin wannan lardi suke nufi, sai su riƙa yin su da murya da rubutu mara nauyi wanda za a sauke sau ɗaya a yi ta tura wa juna, maimakon dogon bidiyon da ke cinye kuɗin cefanen yini.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da jama'armu ta zango ke ciki game da wannan fage. Hausawa ba baƙi ba ne ga hulɗa tsakanin ƙasashe a wannan yanki. Tun kafin Jamusawa su iso, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato yana ratsa ƙasar Gurma ya sauka Mango a kan hanyarsa ta zuwa Salaga sayen goro, wani reshen hanyar kuma ya bi ta ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta Sokodé ta zama masaukin Musulmi 'yan kasuwa. Kowane ayari yana da madugu mai sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na tsaro, yana da jagaba, yana da uban dawaki, yana kuma da malamin ayari, wanda ke riƙe da alƙalami, ya rubuta wasiƙu, ya kiyaye lissafi, ya shaida yarjejeniya. Ayarin da ba shi da malami a hannun masu hanya yake, abin da suka ce shi ke nan. Yau zangunanmu suna da attajirai masu kai shanu da albasa da tumatir har Lome da Kumasi, suna da limamai da alarammomi, suna da samarin da suka yi karatu a Misira da Madina da Say, amma a ɗakin da ake zama a yanke inda za a haƙa magudanar ruwa ko inda za a gina rumfunan kasuwa, sau da yawa ba ka ganin wanda zai yi magana da yawunsu da harshen takarda. Sai a ji labari bayan an gama, a ce an manta da mu, alhali sau da yawa ba mantuwa ba ce, kujerar ce aka ajiye ba wanda ya zo ya zauna.

Dalilan sanannu ne. Darussan da Faransanci suke ko Ingilishi, waɗansu kaɗan da Larabci, ba da Hausa ko Moba ko Gurmanci ko Fulatanci ba, kuma iyaye da yawa a zango sun daɗe suna ɗari-ɗari da lakwal, wato makarantar boko. Amma shingen ya fi ƙanƙanta yanzu fiye da da. Saurayin da ya yi makarantar Faransanci da Larabci a haɗe yana da abin da ɗan jami'a zalla ba shi da shi: zai iya karanta takardar furoje da safe, da yamma ya bayyana ta a ƙofar masallaci da lafazin da dattawa suka sani, ya ce musu wannan kwamitin fanfo amana ce, asusunsa kamar dukiyar waƙafi ne, ɓarnatar da ruwa israfi ne, sare itatuwan kaɗanya da ɗorawa domin gawayi cin haƙƙin waɗanda ba a haifa ba ne. Ma'anar ci gaba mai ɗorewa, kamar yadda rahoton Brundtland ya shimfiɗa ta a 1987, wato biyan buƙatar mutanen yau ba tare da tauye ta na gobe ba, ba ta buƙatar dogon sharhi ga wanda ya karanta babin waƙafi da na raya mataccen fili. Haka nan 'yan matanmu da suka yi karatu: galibin ayyukan nan a kan mata suke dogara, su ne masu ɗebo ruwa, su ne masu sarrafa man kaɗe, su ne masu adashe, kuma matar zango ta fi sakin jiki ta faɗi gaskiyar halinta ga 'yar unguwarsu fiye da baƙon da ya zo da tafinta da takardar tambayoyi.

Ina ganin gyaran ba ya buƙatar jiran kowa. Abin da ya sa darussan INADES suka yi tasiri a inda suka yi shi ne manoma sun karanta su a ƙungiya, kuma gona na nan a bayan gida inda za a gwada abin da littafi ya ce. Cibiyar horar da manoma ta Tami, a nan kusa da mu, tun farkon shekarun 1970 take karɓar matasan magidanta da matansu da 'ya'yansu su zauna shekara biyu suna koyo da hannunsu kafin su koma ƙauyukansu, haka ma takwararta ta Ogaro. Ƙungiyar RAFIA kuma ta daɗe tana aiki da manoman rani da ƙungiyoyin ƙauyuka a lardin. A Maraɗi da Damagaram, farfaɗo da itatuwa ta hanyar barin tohon kututture a gona, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, ya kai ga miliyoyin kadada, kuma manomi ne ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya. Yau wannan dabara tana cikin darussan da ake koyarwa ta intanet, ta tashi daga ƙasar Hausa ta zaga duniya ta dawo mana a cikin waya. Wannan ya isa ya nuna cewa darasin nesa yana ba da tsari da ma'auni da labarin abin da waɗansu suka gwada, amma ƙasa da mutanenta sai a kusa ake sanin su, kuma ɗalibi na buƙatar duka biyun. Don haka samari biyar ko shida su yi rajistar kwas guda, su haɗa kuɗin data, su sa rana a mako su zauna muɗala'a kamar yadda ake yi a zaure, su nemi wani tsohon ma'aikacin gona ko na ruwa da ya yi ritaya ya zama shehinsu, mai ce musu wannan da kuka karanta mun gwada shi a wuri kaza bai yi ba, ga dalili. Kuma kada su karɓi takardar kowane darasi a zuciyarsu sai sun ɗauki wani abu na haƙiƙa a unguwarsu, kwata ko rijiya ko juji, sun cika masa jadawalin nan mai gidaje goma sha shida, sun karanta shi a gaban mutanen unguwar da harshen da suke ji.

Wurin da wannan ilmi zai fi amfani kuwa ya riga ya samu. A ranar 30 ga Yuni 2019 Togo ta yi zaɓen ƙananan hukumomi, na farko tun 1987, aka kafa majalisun gundumomi 117, Dapaong ta zama cibiyar gundumar Tône 1. Kowace gunduma ana sa ran ta tsara kundin raya kanta, ta tattara harajin kasuwa da na tasha, ta karɓi kasonta daga asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, ta kuma nemi abokan hulɗa a waje, kamar yadda Dapaong ta daɗe da ƙulla zumunci da garin Issy-les-Moulineaux na Faransa. Gundumomin karkara da yawa suna fama da ƙarancin ma'aikatan da suka iya rubuta buƙata ko bin diddigin ɗan kwangila, kuma ƙarƙashinsu akwai kwamitocin raya ƙauyuka da na unguwanni, waɗanda galibi mutanen kirki ne masu niyya, sai dai ba mai riƙe musu alƙalami. Ina roƙon sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Dapaong da Cinkassé da Mango da Sokodé su zaɓi samari da 'yan mata daga cikin 'ya'yansu, su ɗauki nauyin datarsu da kuɗin jarrabawarsu daga asusun jama'a kamar yadda ake ɗaukar nauyin mai zuwa karatu gabas, bisa sharaɗin cewa duk ranar da majalisar gunduma za ta zauna a kan kasafin kuɗi su je su saurara, su nemi kwafin kundin raya gundumar su karanta, sannan su dawo bayan sallar Juma'a su gaya wa jama'a da Hausa nawa aka ware wa unguwarsu, a kan wane aiki, wa aka ba kwangilar, kuma yaushe ne wa'adin gamawa.